"Kun gane?" "Yes sa!": Ƙaryar da muke yi wa juna a ajin Turanci

Ran wata Talata na raka ɗan ƙanwata makarantarsu, wata ƙaramar sakandare a cikin birnin Zariya, saboda an ce ya zo da babba. Shugaban makarantar bai iso ba, sai na raɓe a inuwar darbejiya kusa da tagar wani aji. Darasin Turanci ake yi. Malamin ya cika allo da rubutu daga wannan kusurwa har waccan, yana karantawa yara na yi masa amshi. Ma'anar suna a nahawun Turanci ake bita, wadda duk wanda ya taɓa zama a benci a ƙasar nan ya haddace: sunan mutum, ko dabba, ko wuri, ko abu. Bayan kowane layi sai ya juyo ya ce, "Do you understand?" Aji ya ɗauka da murya ɗaya, "Yes sa!" Sau bakwai na ƙirga. Har aka kaɗa ƙararrawa babu yaro ko ɗaya da ya haɗa jimla tasa ta kansa da Turanci, ko da ta kalma uku ce.

A hanyar komawa, mun kusa Ƙofar Doka, na ce wa yaron, "Kai, in malam ya ce kun gane kuka ce yes sa, da gaske kun gane ɗin?"

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai in ba mu ce ba, ba zai wuce gaba ba. Kuma in ka ce ba ka gane ba, da Turancin zai sake maimaitawa, ƙarfin murya kawai zai ƙara."

Ban ɗora wa malamin nan laifi shi kaɗai ba, don abin da na gani ta tagar shi ake yi a mafi yawan azuzuwanmu, na gwamnati da na kuɗi. Ni ma na riƙe alli shekaru kafin in bar aikin, kuma na sha karɓar wannan "yes sa" ɗin in koma ofishin malamai hankalina kwance. Amma harshe da baki ake koyon sa, kuma a ajinmu bakin malam kaɗai ke aiki. Wanda ya riga ya iya Turancin shi ke ta atisaye har minti 40, waɗanda suka zo koyo sun zuba tagumi suna kallo. A haka yaro zai yi shekara 12 tsakanin firamare da sakandare, ya zo WAEC ko NECO ya rasa kiredit a Turanci, wanda in babu shi ƙofar jami'a a rufe take ko da ya cinye lissafi da kimiyya. Sai mu taru a majalisa mu ce yaran yanzu ba sa karatu.

In kana son ganin yadda ake koyon Turanci da sauri a Zariya, je ka Samaru da yamma, wajen kasuwa ko bakin ƙofar jami'a. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ɗalibai ke zuwa daga kowane lungu na ƙasar nan, da yawansu ba sa jin ko "zo ka ci". Yaro mai tallar lemo da kankana, ko mai gyaran waya, wanda wataƙila ko firamare bai gama ba, cikin 'yan watanni za ka ji yana ciniki da su da Turanci gauraye da buroka, yana zolaya, yana rarrashi, har yana bin bashi. Na yarda Turancinsa ba zai ci jarrabawa ba. Sai dai yana da abin da ɗan aji ba shi da shi: yana da dalilin buɗe baki, yana da wanda zai amsa masa, kuma in ya yi kuskure iyakarta a yi dariya a ba shi kuɗinsa. Ɗan aji kuwa ya san cewa kuskure ɗaya zai iya zama sunan da za a riƙa kiran sa da shi har ya gama makaranta, don haka shiru ya fi masa riba.

Malamai sun saba jin batun "sanya ɗalibi a tsakiyar koyarwa" a wuraren bita. A zauna kwana uku, a karɓi takardar shaida da kuɗin mota, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Da yawa suna ɗaukar abin tamkar kayan aro daga Turai, wanda bai dace da kowa ba sai aji mai yara 20 da fanka. Ni kuwa ina ganin Bazazzagi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya ce wannan baƙon abu ne.

Ka leƙa zauren wani malami a Unguwar Juma ko Kwarbai bayan asuba ko bayan la'asar. Kowa da littafinsa a hannu. Wannan yana ƙaramin littafin fiƙihu, wancan yana nahawu, wani ya yi nisa cikin tafsiri. In layi ya zo kanka, kai ne za ka ja baƙi, malam ya saurara, ya gyara maka wasali, ya fassara maka da Hausa kalma bayan kalma. Ba ya ƙara maka sai ya gamsu da na jiya. A makarantar allo ma haka: kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma ba a wanke allo sai an biya. Babu wanda ke haye wa da amshin taro. Ba na cewa tsarin ba shi da aibu. Akwai dorina, akwai dogaro da hadda, kuma mutane da yawa sun sauke manyan littattafai amma in Balarabe ya tare su da hira sai gumi ya karyo musu, wanda shi ma darasi ne a kan abin da ke faruwa in an karanta harshe ba a yi magana da shi ba. Amma abubuwa biyu na zauren nan sun fi ƙarfin a raina su. Malam ya fi sauraro a kan magana, kuma ba ya jin kunyar amfani da harshen da ɗalibi ya zo da shi daga gida don ya kai shi ga wanda bai sani ba. Ajin boko ya yar da duka biyun.

Sauraro ɗin nan yana da ma'auni. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta ɗauki sautin darussa masu yawa a farkon shekarun 1970, ta gano cewa in malami ya yi tambaya, yawanci bai fi daƙiƙa ɗaya yake jira ba kafin ya maimaita, ko ya nuna wani, ko ya ba da amsar da kansa. Da aka sa malamai su riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, kuma waɗanda ba su saba magana ba suka fara ɗaga hannu. Waɗannan fa yara ne da ake tambaya da harshensu na gida. To ina ga yarinyar Tudun Jukun da sai ta ji tambayar da Turanci, ta juya ta Hausa a ranta, ta nemo amsa, ta sake juya ta Turanci, sannan ta yi ta maza ta buɗe baki? Kafin ta kai rabin hanya malam ya riga ya ce "next". Gobe ba za ta ma fara tafiyar ba.

Wani masanin kuma, Jim Cummins na ƙasar Kanada, ya raba iya harshe gida biyu. Akwai na hirar yau da kullum, wanda yaro kan kama cikin kamar shekara biyu, akwai kuma harshen karatu, na littafi da jarrabawa, wanda kan ci shekara biyar zuwa bakwai. Kuma ya yi wannan lissafi ne a kan 'ya'yan baƙi da ke zaune a ƙasar da ake Turanci a titi da kanti da filin wasa. Yaron Gyallesu ko Ƙofar Gayan, daga an tashi makaranta ba zai sake jin Turanci ba sai a sharhin ƙwallo. Ajin nan ne kasuwar Samarunsa. In bai yi magana a can ba, babu inda zai yi.

Wannan ya kawo ni ga dokar hana "banakula". Har yau akwai makarantun da monita ke rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a sa shi ya durƙusa a rana. Niyyar mai kyau ce, wai don a tilasta wa yara Turanci. Abin da ke biyo baya kuwa kowa ya sani: yaran ba sa komawa Turanci, bebaye suke komawa. Wanda aka hana shi harshen da yake tunani da shi, bai kuma mallaki ɗayan ba, me zai ce? Ga kuma asarar da malami ke yi wa kansa, domin yawancin kurakuran ɗan Bahaushe a Turanci daga Hausa suke fitowa, kuma da Hausa ake warware su cikin minti biyu. A wurinmu kalmar "ji" ta haɗe jin magana, jin yunwa, jin wari da jin Larabci, shi ya sa yaro zai ce "I am hearing smell". Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan iska, muna shan wahala, shi ya sa zai ce ya "drink" ƙwayar magani. A Hausa komai ko "shi" ne ko "ita", don haka mota za ta zama "she". Sautin "p" da "f" kuma a bakinmu abu ɗaya ne, har ya zama abin yi mana ba'a a kudu. Malamin da zai tsaya ya ce, "Ku duba, abin da Hausa ta haɗa a kalma ɗaya, Turanci ya raba shi huɗu," ko ya nuna musu cewa ɗaya leɓe biyu ke haɗuwa, ɗayan kuma haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa, ya gama da matsalar da jan biro bai gama da ita ba a shekara shida. Kuma ya nuna wa yaron cewa kuskurensa yana da dalili, ba daƙiƙanci ba ne.

Dattawa kan ce ai su da bulala aka hana su Hausa, shi ya sa Turancinsu ya tsaya, su kan kuma kawo misalin Abubakar Tafawa Ɓalewa da 'yan Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1921 kuma ita ce ta zama Barewa ta nan Zariya. Ina girmama su, amma sun tsallake rabin labarin. Mutanen wancan zamani da Hausa suka fara karatu a elementare, sai da suka iya karatu da rubutu da lissafi da harshensu sannan aka ɗora musu Turanci a midil. Shi Tafawa Ɓalewan da ake yabon lafazinsa ai marubucin Hausa ne. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma waɗanda suka riƙe ta gwanaye ne a harsunan biyu. Ban da haka, 'yan ƙalilan ne aka zaɓo daga larduna, suna kwana a makaranta, malamai sun san kowa da sunansa. Ba bulalar ce ta koya musu ba.

An ma gwada abin a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci na tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun malamin da ya ƙware. Yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, har a Turancin kansa. Duk da haka gwamnati ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa, tun ta 1977, ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin, daga baya a koma Turanci. A Nuwamban 2022, zamanin Malam Adamu Adamu, aka ce harshen uwa har aji shida. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci tun daga tushe, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba a lokacin, balle a ce shi ya faɗi WAEC. Tufka da warwara ke nan. Amma ko wace takarda aka sa wa hannu a Abuja, malamin Tudun Wada da yaransa Hausa suke ji, kuma abin da zai yanke hukunci shi ne yadda ya raba minti 40 ɗinsa.

Na san amsar da abokan aikina na da za su ba ni, don ni ma na sha ba da ita: "Malam, yara 80 ne a gabana." Gaskiya ne. Manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma duk wanda ya shiga makarantun gwamnati a Sabon Gari ko cikin birni ya san wannan a takarda yake. Amma a yi lissafin da kyau. In yara 80 ne a darasin minti 40, ko da malam bai ce uffan ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa rabin minti zai samu. In kuwa ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi su tambayi juna, hira 40 ce ke tafiya a lokaci guda, kuma cikin minti biyar kowane yaro ya yi magana fiye da yadda zai yi a mako guda na tsohon tsari. Ashe yawan yaran ne ma babbar hujjar a bar su su yi da junansu. Abin da ke hana malamai ba cunkoso ba ne kawai. Aji zai yi hayaniya, kuma a wurin hedimasta da sufeto, aji mai shiru da allo cike shi ne shaidar malami na aiki. Sannan ga manhaja da dole a ce an gama ta kafin ƙarshen zango, ko yara sun bi ko ba su bi ba.

Na ga wata malama a wata firamare ta bayan gari tana yi, ba tare da ko kwali mai hoto ba. Ta shigo da tumatir uku, albasa, kwalin ashana da sabulu a leda, ta jera a kan tebur. Ta yi bayanin abin da za a yi da Hausa cikin minti ɗaya, ta rubuta jimloli huɗu na ciniki a allo, ta kira yaro ɗaya suka gwada a gaban kowa, sannan ta ce kowane benci kasuwa ne: ɗaya mai kaya, sauran masu saye. Aji ya kaure. Tana zagayawa tana kasa kunne. Wani ya ce "How much is tomato dem?", ba ta tsayar da shi ba, ta maimaita masa daidai kamar tana tabbatar da abin da ya ce, ta wuce. Wata yarinya can baya ta ja hijabi ta rufe baki. Malamar ba ta tsayar da ita gaban aji ba. Ta durƙusa kusa da ita ta ce a hankali, "'Yata, ni ce mai sayen, nawa albasarki?" Ta jira. Na ƙirga a raina har shida kafin yarinyar ta ce, "Fifty naira." Malamar ta ce ta yi tsada. Yarinyar ta saki hijabin ta ce, "No, madam, last price." Bencin gaba ɗaya ya fashe da dariya, har da ita. A ƙarshen darasi malamar ba ta ce "kun gane" ba. Ta ɗaga sabulu ta nuna yara uku daga wurare daban-daban, kowa ya sayar mata.

Wannan durƙuson da ta yi shi ne amsata ga masu cewa tsarin ya saɓa wa tarbiyyarmu. Mun hori 'ya'yanmu kada su kalli babba ido cikin ido, kada su tsoma baki in manya na magana, kuma ba na son a rushe wannan. Sai dai malamin da ya ɗauki sunkuyar da kai a matsayin rashin sani, ko ya ɗauki "to" a matsayin fahimta, bai karanci yaran da ke gabansa ba. Yarinyar da ba za ta iya miƙewa gaban maza 40 ba za ta yi magana da ƙawarta ta benci. Daga nan ake farawa. Mu ne fa muke cewa matambayi ba ya ɓata, sannan mu harari yaron da ya yi tambaya.

Akwai magana mai ɗaci da ba zan tsallake ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar da yadda aka yi korar, har yau ba a gama ba. Amma ko waɗanda suka yi zanga-zanga sun san akwai malaman da Turancinsu bai wuce abin da ke cikin littafi ba. Irin wannan malami, kwafe allo mafaka ce gare shi: muddin shi kaɗai ke magana, babu yaron da zai jefo masa tambayar da za ta tona shi. Ba za ka ce masa ya saki aji ya yi hira ba alhali shi ma tsoron hirar yake ji. Shi ma mai koyon Turanci ne, kuma shi ma abin da yake bukata wurin da zai yi magana ya yi kuskure ba a ci mutuncinsa ba. Korar wani a kawo wani da aka horar da irin tsohuwar hanyar ba ta canza abin da ake ji ta taga.

Zariya ce ke yaye malaman Arewa da yawa, daga Tsangayar Ilimi da Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello zuwa makarantar horon malamai ta Gyallesu da dattawa har yau suke kira ATC. Kowace shekara ɗalibansu na bazuwa makarantun gari don gwajin koyarwa, malamansu na bin su da takardar ba da maki: tsarin darasi, rubutun allo, tsafta, riƙe aji. Da za a ji ta tawa, da an ƙara layi ɗaya a takardar nan. Mai duba ya zauna can baya da agogon wayarsa, ya auna minti nawa ɗalibin malami ya yi yana magana, minti nawa yara suka yi suna faɗin abin da ba amshi ba, ya rubuta lambobin biyu gefe da gefe, ya miƙa masa. Ni da aka yi mini haka a shekarata ta farko, da na ji kunya ƙwarai.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, laifin da aka kira ni a kai ashe surutu ne a aji. Na tambayi malamin ajinsu da wane harshe yake surutun. Ya ce da Hausa, yana yi wa na kusa da shi bayanin abin da aka rubuta a allo.